Tsohon Raleigh da Hanyar Kanal

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Hazo tun asuba. Daga ƙofar gida ko hasumiyar masallaci ba a hange. Duk da haka mun fita, mu 'yan keken Asabar, daga Kura ta gefen kanal, sai da muka hango Kadawa muka juyo. Yatsu a ƙage, leɓe a fashe.

A gindin wata darbejiya aka tsayar da magana: ranar 1 ga Fabrairu, in Allah Ya kai mu, za mu bi ruwan nan mu ga ta inda yake zuwa mana, har Ruwan Kanya. Da shi aka raine mu, da shi muke noman rani, amma akasarinmu iyakarmu kwalbatin bakin gona. Na ce da keken Kawu zan je. Aka yi dariya. Ban janye ba.

Lahadi, 12

Na ciro shi daga bayan buhunan ƙaiƙayi a ɗakin zaure. Raleigh baƙi, taya 28, birkin sanda, kaca a lulluɓe cikin murfinta. Kan zalɓen da ke goshinsa yana nan, tsatsa ba ta kai gare shi ba. Saura kuwa sai haƙuri. Tayoyi sun bushe sun tsattsage. Sirdi ya lotsa. Feda ƙam, ko motsi. Gidan zanzaro a ƙarƙashin kariya.

Kawu a kan buzunsa yana shan hantsi. Ido ya yi rauni, kunne garau.

"Ɗan nan, ban da guduma."

"To, Kawu."

Ya ce da kuɗin Udoji ya saye shi, 1975, ba a daɗe da gama madatsar Tiga ba, zamanin Audu Bako. A Kano ma an taɓa haɗa Raleigh. Buhun alkama, kwandon tumatir, har mara lafiya ya kai asibiti a kariyar nan. Daga nan bai ƙara cewa komai ba.

Litinin, 13

Makaranta. Bayan la'asar: kananzir a gwangwanin madara, tsohon buroshin haƙori, tsummoki. Ban kwance komai ba. Kowane noti na ɗiga masa kananzir gauraye da ɗan baƙin mai, na bar shi ya sha. Tsatsar da ta shekara ba a yi mata garaje.

Autana ne mai riƙe gwangwani.

"Baba, yaushe zai tashi?"

"Sai ya yarda."

Talata, 14

Notin wilin gaba ya saki. Na baya ma. Zuciya fari ƙal.

Na shimfiɗa tsohon buhu don kada boris ya gangara cikin ƙasa. A gaba goma-goma kowane gefe, ƙanana. A baya tara-tara, manya, na kwatan inci. Giris ɗin ciki ya koma busasshiyar laka, ja-ja. Ƙurar hanyar kanal ce ta shiga ta zauna, ba wani abu ba. Na wanke, na kai fitila. Kofunan da boris ke gudu a cikinsu sumul, ba rami ko ɗaya. Ƙarfen da ke nan.

Kowane gefe da murfin kwalbarsa, a kan taga, inda kaji ba sa kaiwa.

Laraba, 15

Ranar ruwanmu. Tun kafin assalatu ina gona, a kan kekena Phoenix. Tiyo a kanal, ruwa fangali bayan fangali. Alkama ta rufe ƙasa, kore shar. Tumatir ya fara nuna. Daga can makaranta.

Ban leƙa zaure ba. Barci.

Alhamis, 16

Gidan feda. Nan gizo ke saƙar.

Ƙusar da ke riƙe hannun feda ta manne. Na mayar da notinta daidai baki don kada zare ya murƙushe, na tokare hannun daga ƙasa da guntun bututu, itace a sama, bugu ɗaya.

"Na ji."

"Ta kan itace ne, Kawu."

Shiru. Ƙusa ta fita.

Ciki kuwa ruwa ya taɓa kwana, ba sau ɗaya ba. Kofin hagu duk ramuka. Boris wasu sun dare biyu. Na dama da sauƙi, ba zan ma taɓa shi ba. Kawu ya ce ba damina ɗaya ya ratsa ruwa da shi ba, har shekarar da madatsar Bagauda ta ɓalle, 1988, yana kansa. Shafawa yake yi kullum da tsumma, amma ta waje. Cikin nan ba a taɓa buɗe shi ba.

Jikina ya yi sanyi.

Juma'a, 17

Ana saukowa daga masallaci na kai kofin wurin Baba mai gyara a bakin kasuwa. Ya juya shi a tafin hannu, ya bi zaren da farce.

"Malam, wannan na Raleigh ne na asali. Zarensa daban. Na kasuwa ba zai hau ba."

"Ko a Sabon Gari, Baba?"

"Gwada. Ni dai na faɗa maka."

Kekuna jere a gabansa, wasu a kife, wasu ba wili. Ya ce tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 bai ƙara wuni ba aiki ba. Waɗanda suka jingine keke suka hau babur, ga su nan sun dawo, kowa da tsohon ƙarfen ubansa. A Janairun 2025 ɗin nan litar fetur tana wajen naira dubu. Mu na cikin sikim ɗin noman rani, ruwa yana gangaro mana da kansa. Mai gona a waje da ke kunna inji shi ya san zafin abin.

Ƙanena zai shiga birni gobe. Na rubuta masa: taya biyu, tiyub, robar birki, robar bawul, boris, giris, ƙusar feda, sifok. Kofi a ƙarshe, da layi a ƙarƙashi.

Asabar, 18

Fita gajeriya, wajen Karfi. Tayoyin mutum biyu suka sace. Tsidau. Duk wanda ya kauce wa tsakiyar hanya ya hau busasshiyar ciyawar gefe sai ya kwasa.

Faci a bakin kanal. Tiyub cikin ruwa, kumfa ta nuna wurin. A tsane, a goga samfefa, a shafa sholisho siriri, a jira ya sha iska har ya daina sheƙi, sannan a manna a danne. Samarinmu ba sa jira, da danshi suke mannawa, shi ya sa facinsu ba ya kwana. Na nuna musu su bi cikin tayar da yatsa kafin su mayar. Ƙayar tana nan a maƙale. Ɗaya ya ciro tasa, ya riƙe baki.

An tambayi Raleigh. Na ce ana kai.

Lahadi, 19

Kaya sun iso jiya da dare. Taya daidai. Tiyub daidai.

Kofi: ya fara hawa, sai ya cije. Ban matsa ba.

Na ɗauko rula da allura na ƙirga zaren. A rabin inci, tsohon 13, sabon 12. Wato 26 da 24 a inci ɗaya. Abin da Baba ya karanta da farce ke nan. Kamfanin can na Nottingham a Ingila ma'auninsa daban ya yi, sauran masu ƙera keke suka bi wani. In aka tilasta, zaren firam ne zai tafi, kuma shi ba a sayo shi.

Na mayar da komai cikin buhu. Ba na son magana da kowa yau.

Litinin, 20

Hazo. Rabin aji tari.

Talata, 21

Abin da hannu zai iya, a yi shi.

Kaca. Tun ranar Alhamis take cikin kananzir. Na bi ta gaɓa-gaɓa da buroshi, na lanƙwasa masu tauri har suka saki. Na ari tef ɗin ɗinki a cikin gida. Kowace gaɓa rabin inci ce, 24 su ba da inci 12 cif. In ta zarce sosai ta miƙe ke nan, za ta cinye haƙoran firwil. Wannan ƙiris ta wuce. Bayan shekara hamsin! Ko ita ce ta asali ko an taɓa sakewa, murfin nan ne ya cece ta. Kekunan da ake kawowa yanzu kaca a tsirara, ƙura na shiga yadda ta ga dama.

Mai ɗigo ɗaya a kowace gaɓa, a juya, a goge na waje tas. 'Yan uwa ambaliya suke yi mata da baƙin mai, suna ganin gata ne. Mai ya kama ƙura, ƙura ta ci ƙarfe.

"Malam, tef ɗina dai ya dawo da farinsa."

"Insha Allahu."

Na wanke shi da sabulu kafin in miƙa.

Laraba, 22

Ruwa ya makara. Da ya zo kuma ba ƙarfi. Zaman jira a bakin gona, hannu cikin hammata, ina kallon tiyo yana tsiyaya. Balbelu a gonar maƙwabci. Wani da babur ya wuce, ƙurarsa ta daɗe ba ta kwanta ba.

Na bi ƙaramin kanal ɗin da ƙafa. Yashi, kacala, ledoji. Manyan an gyara su a aikin TRIMING da kuɗin Bankin Duniya, Hukumar Kogin Haɗejiya da Jama'are na kula da su. Wannan da ke shigowa gonakinmu kuwa namu ne, ba wanda zai zo daga Kano ya yashe mana. Shugaban ƙungiyar masu ban ruwa ya ce gayya ranar Lahadi.

Kanal da keke halinsu ɗaya. Ba rana ɗaya suke mutuwa ba. Kaɗan-kaɗan datti ke taruwa inda ido ba ya kaiwa, mai shi yana cewa gobe.

Fangali biyu na ƙarshe ba su sha ba.

Alhamis, 23

Yaron Baba mai gyara ya yi sallama bayan magariba. Wai akwai wani dattijo a wajen Bunkure da gawar Raleigh a rataye a gidansa. Ko zai rabu da ita, ko kofin na da sauran rai, Allah masani.

Sai Asabar. Nisa.

Juma'a, 24

Wili. Gaba sifok 32, baya 40, inda nauyin kaya yake. Uku sun karye a baya, na sa sababbi.

Na kife firam, na ɗaura wili, guntun alli a hannu. A juya a hankali. Inda rim ya goga alli, nan ya karkato. In ya yi dama, a ɗaure na hagu, kwatan juyi kawai, a sake dubawa. Birkin sanda ta cikin rim yake kamawa, saboda haka miƙewa kaɗai ba ta isa ba, sai ya zama ba tudu ba kwari, in ba haka ba birki ya riƙa fizga.

Daga la'asar har aka kira magariba. Ina tsinkar sifok da yatsa ina sauraro, sai Kawu daga buzunsa:

"Koma baya. Wancan ya saki."

Na koma. Ya saki kuwa.

"Na kusa da shi ma."

Haka muka gama wilin, shi kunne, ni hannu. Rabona da in ji muryarsa da ƙarfi haka tun kafin rasuwar Inna.

Asabar, 25

Bunkure, ni da abokai biyu. Sauran sun yi wajen Ɗan Hassan. Iska a fuska tun daga gida. Albasa, masara, alkama, hagu da dama.

Gidan a bayan gari. Gaisuwa mai tsawo, tabarma, fura. Firam ɗin na rataye a reshen tsamiya, ba wili ba sirdi, amma ga kan zalɓe.

"Ba na sayarwa ba ne, Malam."

Gabana ya faɗi.

Ya tambayi na wa nake gyarawa. Na ce na kawuna ne, yana raye, ido ne ya tafi. Ya tambayi shekarar saye. Na faɗa. Ya daɗe yana kallon ƙasa.

"Sauko da shi. Kwance abin da kake so."

Kofi ya ƙi. Kananzir, jira. Muka yi azahar a masallacin unguwa. Muka dawo, kananzir, jira. Abokina ya riƙe firam, na sa sifana, na yi bisimilla. Ya motsa.

Na goge da bakin riga, na kai rana. Sumul.

Kuɗi ya ƙi karɓa, har ya ɓata fuska. Na ga keken jikansa a jingine ba iska, na bar tiyub ɗin da ke jakata. Wannan ya karɓa, ya sa albarka.

Dawowa ban san na yi ta ba.

Lahadi, 26

Gayya. Laka har gwiwa, ruwa kamar ya tsinke ƙafa. Lauje, shebur, kwando. Kacala sai an tumɓuke ta da saiwa, in an yanke kawai sati nawa ne ta dawo. Wasu masu gona ba su zo ba. An yi ta magana. Kafin azahar dai mun ga gindin kanal.

Dare, da fitilar waya a bakin autana. Boris 11 kowane gefe, a dasa cikin sabon giris. Kofin Bunkure ya shiga da yatsu kawai, har ƙarshe, ba cijewa.

Alhamdu lillahi.

Litinin, 27

Haɗawa. Abin da ke cin lokaci shi ne ɗaurin boris: in ya yi tsauri ya ci kofi, in ya yi sako-sako wili ya yi lilo. Ɗaure, sassauta, ɗaure. Alamar daidai: a saki wili, nauyin bawul kaɗai ya juyo da shi ƙasa, kuma a girgiza gefe a ji ba motsi. Gaba ya ba ni nan da nan. Baya ya ja rai.

Na yanka tsohon tiyub na naɗe cikin rim don kada kan sifok ya huda sabo. Taya da bayan cokali, ƙarshenta da babban yatsa. Fedar hagu zarenta a baibai yake, na nuna wa yaro ya gani da idonsa. Robar bawul sabuwa, ɗan yawu, ta shige. Famfo.

Ya tsaya da ƙafarsa. Ban hau ba. Duhu.

Talata, 28

Tumatir. Na bi ƙanena Kwanar Gafan bayan an tashi. Manyan motoci na lodin Legas, kwanduna har bakin titi, kowa ya tsinko lokaci ɗaya. Farashin da dillali ya faɗa, ƙanena ya dube ni na dube shi. Kayan gwari ba ya jira. Muka sallama.

Kuɗin taki ma da ƙyar.

Na wuce zaure ban kalli gefen da yake ba.

Laraba, 29

Ruwa ya zo da ƙarfinsa. Har fangalin ƙarshe ya sha ya ƙoshi kafin rana ta fito.

Bayan la'asar na hau. Daga ƙofar gida zuwa wajen injinan casar shinkafa, na zago ta bakin titi. Nauyi gare shi wajen tashi, amma in ya ɗauka sai ka ce shi ke tafiya da kansa. Zama a miƙe, ba sunkuyo. Birki lafiya. Wani tsoho a kan dakali ya ɗaga hannu: "Raleigh ke nan!"

Sai dai akwai ƙara. Ƙwas, kowane zagaye, in ƙafar hagu ta danna.

Alhamis, 30

Ƙwas.

Na duba sirdi. Ba shi ba ne. Murfin kaca, na ɗan buɗa inda ya lotsa. Ba shi ba ne. Ina fargabar kofin.

Baba mai gyara ya taka fedar da ƙafa sau ɗaya.

"Ƙusa ce, Malam. Sabuwa ce, ba ta zauna ba. Goga fuskarta kaɗan. Kuma noti ba ya jan ƙusa, riƙo kawai yake yi. Zaunar da ita tukuna."

Na goge, na tokare, na zaunar, na ɗaure. Zagayen unguwa: shiru. Sai dab da gida na ji kamar wani abu. Ko kunnena ne.

Juma'a, 31

Kawu ya ce a kawo masa shi. Ya bi shi da hannu tun daga kai har kariya. Ya matsa taya. Ya kaɗa ƙararrawa, ya sake kaɗawa.

"Kada ka hau gefen ciyawa."

"To, Kawu."

"In kun isa, ka wanke fuska da ruwan. Allah Ya tsare."

"Amin, Kawu."

Jaka: famfo, faci, sholisho, samfefa, sifana, filaya, sifok, tsumma. Dabino, ƙuli-ƙuli, gorar ruwa.

Hazo ya dawo da yamma, mai kauri. Mutum uku sun aiko ba za su samu zuwa ba. Ban sani ba ko saura za su fito. Ido biyu har tsakar dare.

Asabar, 1 ga Fabrairu, dare

Mun je. Mun dawo.

Ruwa shimfiɗe, sanyi, masunta can nesa cikin hazo. Daga Tiga yake zuwa nan, daga nan ya bi babban kanal ya rabu gabas da yamma, Bunkure da Kura da Garun Malam duk a kansa. Na wanke fuska.

Kacar wani ta tsinke a hanya, muka haɗa. Faci ba adadi. Raleigh ko ɗaya. Ƙwas ta dawo wajen dawowa, ƙasa-ƙasa.

Cinya ta ƙi lanƙwasuwa. Sallar isha a zaune.

Lahadi, 2

Kawu ya sa na ba shi labari tun daga fita, ya sa na maimaita wajen ruwan.

Da hantsi na kife keken. Ƙura ja a kowane lungu, har bakin cibiyar wili ta yi zobe a kan sabon giris. Tafiyar yini ɗaya ke nan. Na goge da busasshen tsumma, ban kai ruwa kusa da boris ba. Sifok biyu sun saki a baya, na ɗaure. Ƙusar feda ta ƙara shiga kaɗan, na bi ta da noti.

Na rubuta da alli a bangon zaure, don ni da yaro: kowace Juma'a, goge kaca, duba iska, duba birki. Ƙarshen hunturu da ƙarshen damina, a buɗe wili biyu da gidan feda a sake giris. Phoenix ma haka. 'Yan Asabar sun ce sati mai zuwa kowa zai zo da kekensa ƙofar gidan nan kafin a fita. Waɗanda ba su taɓa ganin cikin wilinsu ba su gani.

Sirdi bai gyaru ba, sai na samu baduku. Kofin dama ma ba zai kai wata shekara ba, kuma irinsa ba a kasuwa yake ba. Kafin azumi sai na sake komawa Bunkure.